WANE NE UBAN 'YA'YAN ITACE?



'Yan uwa matasa maza da mata, darasinmu na wannan fitowa ya samo asali ne daga kalma guda ta Larabci. Muna cikin karatun babin ciniki a littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, sai muka iso kan hukuncin mutumin da ya sayar da bishiyar dabino bayan an yi mata "ibari". Hukuncin shi ne 'ya'yan da ke kanta na mai sayarwa ne, sai fa idan mai saye ya gindaya sharaɗi tun farko. Na bayyana wa ɗalibai cewa ibari shi ne a ɗauko furen namijin dabino a sa shi cikin furen macen domin ta yi 'ya'ya. Sai wani yaro daga bayan aji ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wai itace ma yana da namiji?"

Aji ya fashe da dariya, amma tambayar yaron tana da nauyi. Da yawa daga cikinmu muna da 'yan uwa masu gonar koko, ko iyaye masu fataucin masara da tumatir, kuma abincin gidajenmu ya dogara ga amsar wannan tambaya. Kowane ƙwayar iri da ka gani tana da uwa, tana kuma da uba. Uwa ba ta ɓuya, domin a jikinta ɗan yake rataye. Uba shi ne ba a gani. Abin da za mu koya a yau shi ne yadda launin fure da ƙamshinsa da siffarsa da lokacin buɗewarsa suke yanke hukuncin wane tsiro ne zai zama uba, wane ne kuma zai yi asarar garinsa.

SASSAN FURE

Ka tsinko furen kuɓewa da safe ka duba shi da kyau. Za ka ga ganyen fure guda biyar masu ruwan ɗorawa, gindinsu ja wur. A tsakiya akwai wani ɗan sanda wanda jikinsa ya cika da ƙananan jakunkuna, idan ka taɓa su sai wani gari ya maƙale maka a yatsa. Wannan shi ne garin fure, shi ne ɓangaren namiji. Larabawa suna kiran ƙwayoyinsa "hububul liƙahi", aikin kai shi ga mace kuma "talƙihi", wato abin da manomanmu suke kira barbara. A can saman sandan akwai wasu 'yan dunƙulaye jajaye masu laushi. Wannan shi ne bakin mace. Idan ƙwayar gari ta sauka a kansa, sai ta tsiro da wani siririn bututu wanda zai ratsa har ƙasa, inda ƙwayayen da za su zama iri suke. Kowace ƙwayar iri tana bukatar ƙwayar gari tata ta kanta.

Tsirrai sun kasu gida uku ta wannan fuska. Akwai waɗanda namiji da mace suke cikin fure ɗaya, kamar kuɓewa da tumatir da koko. Akwai waɗanda furen namiji daban, furen mace daban, amma a jikin tsiro ɗaya, kamar masara da kabewa da kwakwar manja. Akwai kuma waɗanda bishiyar namiji daban take da ta mace, kamar dabino da giginya da goruba da yawancin gwandar da ke tsirowa a bayan gidajenmu.

Manoman dabino sun san wannan tun zamani mai nisa. Dokokin Sarki Hamurabi na Babila, wajen shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sun yi maganar mai lambu da aka ba shi gonar dabino domin ya yi mata barbara. A ƙasashen Turai kuwa sai a shekarar 1694 wani likita Bajamushe mai suna Kamerariyus ya tabbatar da abin ta hanyar gwaji. Ya cire furannin namiji daga jikin zurma, ya kuma yanke gemun masara, sai ya ga iri bai samu ba.

LISSAFIN UWA DA LISSAFIN UBA

Tsiro yana da hanya biyu ta barin zuriya. Ta farko ita ce ya ɗauki 'ya'ya a jikinsa, wato ya zama uwa. Ta biyu ita ce garinsa ya je ya sauka a kan furen wani, wato ya zama uba. Tun da kowane iri uwarsa ɗaya ce ubansa ɗaya, rabin gadon kowace gona ta hanyar gari yake zuwa.

Sai dai matsalar kowanne daban ce. Uwa tana da iyaka, domin ba za ta iya raino fiye da abin da ruwa da taki da hasken rana suka ba ta dama ba. Sau da yawa ziyarar ƙwaro ɗaya ko biyu ta ishe ta. Shi kuwa uba ba ya raino, don haka iyakarsa ita ce yawan bakin macen da garinsa ya iya isa. Tsiro ɗaya yana iya zama uban 'ya'yan tsirrai hamsin, na kusa da shi kuma bai haifi ko ɗaya ba.

Tafiyar gari kuwa cike take da asara. Wani ya rage a cikin jaka har fure ya bushe. Wani ya zube ƙasa, ko ruwan sama ya wanke shi. Wani ƙudan zuma ya kakkaɓe shi daga jikinsa ya dunƙula a ƙafafunsa na baya ya kai wa 'ya'yansa abinci. Wani ya sauka a kan furen wani jinsi daban, inda ba zai yi amfani ba. Masu bincike da suka ƙidaya ƙwayoyin gari a tsirrai masu yawa sun samu cewa, a furannin da garinsu yake a warwatse, sau da yawa abin da yake isa ga bakin macen jinsinsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Idan ka riƙe wannan adadi, sauran darasin zai zo maka da sauƙi, domin kowace siffa da za mu ambata hanya ce ta rage wannan asara.

HANYAR FARKO: ISKA

Masara ba ta biyan kowa lada. Furen namijinta yana can ƙololuwar kara kamar tuntun hula, inda iska ta fi kaɗawa. Ba shi da launi mai jan ido, ba shi da ruwan zaƙi. Garinsa busasshe ne mara danƙo, kuma tuntu ɗaya yana zubar da miliyoyin ƙwayoyi, alhali zangarniya ɗaya 'yan ɗaruruwa kawai take bukata. Gemun masara shi ne bakin mace, kowane zare ɗaya yana haɗe da ƙwayar masara ɗaya. Zaren da gari bai sauka a kansa ba, wurinsa zai fito giɓi. Bugu da ƙari, tuntu yakan fara zubar da gari kwana ɗaya zuwa uku kafin gemun karansa ya fito, shi ya sa yawancin ƙwayoyin zangarniya ubansu maƙwabcin kara ne.

Garin masara ba ya daɗewa da rai, musamman a rana mai zafi da bushewa, kuma mafi yawansa kusa yake faɗuwa. Wannan shi ne dalilin da ya sa wanda ya shuka masara layi ɗaya tal a jikin katanga yake samun zangarniya mai giɓi. Wanda ya shuka adadin nan a dunƙule, layi huɗu ko biyar kusa da juna, zai ga bambanci.

Dabino ma asalinsa na iska ne. Idan aka shuka ƙwallonsa, kusan rabi maza suke fitowa, rabi mata. Mai lambu ba zai yarda rabin ruwansa ya tafi ga bishiyoyin da ba sa 'ya'ya ba, saboda haka sai ya bar namiji ɗaya ga mata kamar hamsin, shi kuma ya karɓi aikin iska. Yana hawa ya yanko reshen furen namiji, ya cusa 'yan zarurruka a cikin gungun furen mace a kwanakin farko na tsagewar kwasfarsa, ya ɗaure. Wannan shi ne ibarin da muka karanta. Har yau ana yin sa a Madina da arewacin Sudan da lambunan hamadar Nijar.

HANYA TA BIYU: LAUNI DA GIRMA

Yawancin tsirrai masu fure, kusan kashi 87 cikin 100 bisa ƙididdigar da aka buga a 2011, halittu ne suke ɗaukar musu gari: ƙudan zuma, malam-buɗe-littafi, ƙudaje, tsuntsaye da jemagu. Waɗannan ba sa aiki kyauta. Fure yana biyan su da ruwan zaƙi ko da wani kaso na garin, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Launi da girman fure kamar allon talla ne a bakin shago.

To, wa wannan talla ta fi amfana, uwa ko uba? A shekarar 1986 wasu masu bincike uku a Amurka sun buga sakamakon wani gwaji da suka yi da wani ɗan tsiro na jeji, dangin kabeji, wanda wasunsa furensu fari ne, wasu ruwan ɗorawa. Sun shuka su a gauraye, suka lura cewa farin malam-buɗe-littafi ya fi sauka a kan masu ruwan ɗorawa. Da suka ƙidaya 'ya'yan da kowane tsiro ya ɗauka a jikinsa, ba su ga bambanci tsakanin launukan biyu ba. Amma da yake launin furen gado ne, sai suka shuka irin da aka samu, suka jira ya yi fure domin su gane ubansa. Nan suka ga masu ruwan ɗorawa su ne uban mafi yawan 'ya'yan. Wato yawan ziyara bai ƙara wa uwa kome ba, domin ta riga ta sami abin da ya ishe ta, uba ne ya ci ribar.

Ka duba gwanda ka ga irin wannan. Namijin gwanda yana fitar da dogayen rassa masu reto, cike da ƙananan furanni masu ƙamshi da ruwan zaƙi. Macen kuwa furanninta kaɗan ne, manya, manne da jikin bishiya, kuma babu ruwan zaƙi a cikinsu. Manyan malam-buɗe-littafin dare suna shan na namiji, su leƙa na mace bisa zaton za su samu, a nan su sauke garin. Namiji ne yake kashe dukiya wajen talla, domin shi ne mai bukatar baƙi da yawa.

HANYA TA UKU: ƘAMSHI DA LOKACI

Furen kuka fari ne babba, yana reto a kan doguwar igiya, yana buɗewa da magariba, kafin wata magaribar ya yi yaushi. Warinsa ba ya yi wa mutum daɗi. A ƙasansa akwai dunƙulen ɗaruruwan zarurrukan namiji kamar tuntu. Kowace siffa a nan ta dace da baƙo ɗaya a ƙasashenmu na Afirka ta Yamma, wato jemage mai cin 'ya'yan itace. Fari yana ganuwa da dare, wari yana kai saƙo cikin duhu, retowa a sarari tana ba shi damar kamawa ba tare da fukafukinsa ya sarƙe a reshe ba, kuma yana cikin lasar ruwan zaƙi gashin ƙirjinsa zai cika da gari. Jajayen dunƙulen furen ɗorawa da furen rimi su ma jemagu ne manyan baƙinsu, kuma a Gana aka yi wasu daga cikin binciken farko a kan haka a shekarun 1950. Jemage yana tafiyar kilomita da dama a dare ɗaya, don haka bishiyar kuka tana iya zama uban 'ya'yan wata kukar da ke wani ƙauye. Wanda ya sha miyar kuka da daddawa, ya ci moriyar jemage ko bai sani ba.

Kwakwar manja kuwa tana da labari mai ban mamaki. Gungun furen namiji da na mace a bishiya ɗaya suke fitowa, amma a lokuta daban-daban, kuma ƙamshinsu iri ɗaya ne. Akwai wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai dogon baki da yake ci yake kuma hayayyafa a cikin furen namiji. Idan ya tashi jikinsa duk gari, sai ƙamshin furen mace ya ruɗe shi ya sauka, bai sami abinci ba, ya bar garin ya wuce. Da aka kai kwakwar manja ƙasar Malesiya, ba a kai ta da ƙwaronta ba, saboda haka shekara da shekaru ma'aikata ne suke yin barbara da hannu, da tsada mai yawa. Bayan an yi nazarin ƙwaron a Kamaru, sai aka sake shi a gonakin Malesiya a shekarar 1981. Cikin ɗan lokaci ya bazu, 'ya'ya suka ƙaru a kowane gungu, aka daina barbarar hannu a yawancin gonaki.

HANYA TA HUƊU: SIFFAR FURE

Kiran baƙo bai wadatar ba, sai an sa ya taɓa inda ake so ya taɓa. A tsibirin Madagaska akwai wani farin fure mai siffar tauraro, wanda ruwan zaƙinsa yake can ƙasan wani siririn bututu mai tsawon kusan santimita 30. A shekarar 1862 masanin nan na Ingila, Darwin, ya ga furen ya ce lallai akwai wani ƙwaro mai harshe mai irin wannan tsawo. A 1903 aka bayyana wani malam-buɗe-littafin dare mai irin wannan harshe a tsibirin, a 1992 kuma aka gan shi yana shan furen. Amfanin tsawon bututun shi ne tilasta wa ƙwaro ya tura kansa har ya dannu da bakin fure, inda garin zai manne masa. A 1988 wani masani a ƙasar Suwidin ya gwada wannan da wasu furanni dangin wancan. Ya rage tsawon bututunsu, sai ƙwari suka riƙa sha daga nesa suna tafiya, garin da ake ɗauka ya ragu, wanda ake saukewa ma ya ragu.

Yanzu mu dawo gida. Furen koko, ba kokon da muke sha da ƙosai ba, ɗan ƙarami ne, bai fi farcen yatsa ba, yana fitowa a jikin kututture da manyan rassa. Jakunkunan garinsa a ɓoye suke cikin wasu 'yan aljihuna na ganyen fure, bakin mace kuma yana tsakiya, kewaye da wasu tsinkaye biyar kamar shinge. Garin yana da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa, ƙudan zuma kuma ya yi wa ƙofar girma. Manyan masu aikin su ne wasu ƙananan ƙudaje waɗanda tsawonsu bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba. Su ne suke iya kutsawa cikin aljihun su kwaso gari, su kuma goga shi a bakin mace idan suna rarrafe a jikin tsinkayen. Ba sa tashi nesa, kuma ɗan abin da suke ɗauka kaɗan ne. Furen da ba a yi masa barbara ba yakan faɗi cikin kwana ɗaya ko biyu. Bishiya tana fitar da dubban furanni a shekara, amma kashi kaɗan ne ƙwarai cikin 100 yake zama kwasfa. Kwasfa ɗaya tana ɗauke da ƙwaya 30 zuwa 40, kowace da ƙwayar garinta, kuma nau'o'in koko da yawa ba sa karɓar garin bishiyarsu, sai na wata.

HANYA TA BIYAR: RABON GARI

Idan fure ya buɗe dukan jakunkunansa lokaci ɗaya, ƙudan zuma na farko zai kwashe duka, ya kai mafi yawa gidansa. Ɗan kasuwa mai hankali ba ya ɗora dukan kayansa a kan mota ɗaya idan ya san hanyar tana da haɗari. Haka furanni da yawa suke buɗe jakunkunansu ɗaya bayan ɗaya, cikin sa'o'i ko kwanaki, domin garin ya rabu a kan baƙi masu yawa.

Tumatir da gauta da yalo sun ɗauki wata hanyar. Garinsu yana kulle cikin jakunkuna masu ƙaramar kafa, ba ya fita sai an girgiza. Wasu dangin ƙudan zuma, kamar babban baƙin nan da ke huda katakon rufin ɗaki, suna kama furen su karkaɗa jikinsu da ƙarfi har ka ji ƙugi, sai gari ya fito kamar gishiri daga kwalba mai 'yan ƙofofi. Ƙudan zuman amya bai iya wannan ba. A Turai, inda ake noman tumatir cikin ɗakunan gilashi, ma'aikata ne suke girgiza furanni da ɗan inji, har zuwa 1987 da aka fara kiwon wani ƙaton ƙudan zuma mai gashi a ƙasar Beljiyam ana sayar wa manoma domin wannan aiki.

Tumfafiya kuwa akasin haka ta yi. Ba za ka taɓa ganin gari a yatsarka ba idan ka taɓa furenta, domin ta dunƙule garinta cikin 'yan ƙunshi bibbiyu masu ɗan maƙali. Idan babban baƙin ƙudan nan ya sauka, sai ƙafarsa ta zame cikin wata tsaga, maƙalin ya kama ta, ya tashi da ƙunshin. Ba ya iya ci, ba ya iya kakkaɓewa da sauƙi. Sau da yawa ƙunshin yakan ɓata a hanya, amma idan ɗaya ya isa, ya isa da garin da zai cika kwasfa guda da iri. A tsirrai masu irin wannan ƙunshi, kason garin da yake isa ya ninka na masu warwatsattsen gari sau da yawa.

Yawan furanni ma yana da iyakarsa. Tsiron da ya buɗe furanni masu yawa a rana ɗaya yana jawo baƙi, amma baƙon yakan daɗe yana zagaya furannin tsiro ɗaya, yana sauke garin a gidan da ya ɗauko shi. Garin da ya ƙare a nan ba zai je ko'ina ba, kuma a tsiron da ba ya karɓar garin kansa wannan asara ce tsantsa.

YAYA AKE GANE UBA?

Masara tana nuna uban 'ya'yanta a fili. Idan ka shuka fara kusa da gonar mai ruwan ɗorawa, za ka ga ƙwayoyi masu ruwan ɗorawa jefi-jefi a cikin farar zangarniyarka, kowace ɗaya shaida ce ta garin da ya tsallako. A dabino kuma an tabbatar tun shekarun 1920 cewa namijin da aka ɗauko garinsa yana shafar girman ɗan dabino da lokacin nunarsa, shi ya sa masu lambu suke zaɓen namiji kamar yadda makiyayi yake zaɓen bijimi. A sauran tsirrai masu bincike suna barbaɗa hoda mai launi a jakar gari, su bi sawunta a furannin da ke kewaye, ko su gwada ƙwayoyin gado na iri da na tsirran da ake zato, kamar yadda ake gwajin jini domin gane mahaifi. A 2019 wasu masu bincike a Jami'ar Stellenbosch ta Afirka ta Kudu sun bayyana hanyar yi wa ƙwayoyin garin kansu alama mai ƙyalli, domin a ƙidaya inda kowace ta faɗa.

INA AMFANINSA GARE MU?

Na farko, gonar koko. Ƙananan ƙudajen nan suna hayayyafa ne a cikin ruɓaɓɓen ganye mai laima, da ɓawon koko, da kututturen ayaba da aka sassara. Manomin da ya share ƙarƙashin bishiyoyinsa fes ya ƙone ganyen, ya kori ma'aikatansa da hannunsa. A bar ganye da lafiyayyen ɓawo su ruɓe a gona, amma kwasfar da ciwon baƙin ruɓa ya kama a fitar da ita. Maganin feshin da ake yi wa ƙwaron akate a bi ƙa'idarsa da lokacinsa, domin ba ya bambance mai ɓarna da mai amfani. A shekarar 2017 hukumar koko ta Gana, COCOBOD, ta ƙaddamar da shirin barbarar hannu, ta horar da dubban matasa yadda za su ɗauko jakar gari da hantsaki su goga a bakin macen wani fure. Wannan sana'a ce, kuma matashin zango da ya fahimci dalilinta zai fi iya ta. Sai dai a tuna lissafin uwa: bishiyar da aka ƙara mata 'ya'ya tana bukatar ƙarin taki da kulawa, in ba haka ba za ta zubar da su tun suna ƙanana.

Na biyu, lambun gida. Kada a sare dukan mazan gwanda, a bar ɗaya ga mata kamar goma. A shuka masara a dunƙule. Furen kabewar da ya faɗi bai yi ɗa ba, wataƙila namiji ne da ya gama aikinsa, domin na mace shi ne mai ɗan ƙullutu a gindinsa. Kada a yi wa tumatir da kabewa feshi da safe lokacin da ƙwari suke kan fure.

Na uku, tarbiyyar yara. Ƙannenmu da suke jifan jemagu da danƙo da ƙona gidan zuma don wasa, mu zaunar da su mu nuna musu abin da waɗannan halittu suke yi wa tukunyar gidansu.

AIKIN GWAJI

Gani ya kori ji. Ga abubuwa uku da kowa zai iya yi:

1. Ka sami kabewa mai fure. Da yamma ka rufe furen mace biyu da ba su buɗe ba da jakar takarda. Da sassafe ka buɗe ɗaya, ka goga masa garin furen namiji, ka sake rufewa. Ɗayan ka bar shi a rufe. Bayan mako guda ka rubuta abin da ka gani.

2. Ka zauna minti 15 kusa da tsiro mai fure da safe, ka sake zama da yamma. Ka ƙidaya baƙin da suka zo, ka lura da sashen jikinsu da yake taɓa gari.

3. Ka ɓare zangarniyar masara daga tsakiyar gona da wata daga gefen gona, ka kwatanta giɓinsu.

KAMMALAWA

Ya zo a cikin Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wasu mutanen Madina suna yi wa dabino ibari, ya nuna ba ya zaton hakan yana da amfani, sai suka bari. A shekarar dabinon bai yi kyau ba. Da aka ba shi labari, sai ya bayyana musu cewa wancan zato ne ya yi, ya kuma mayar musu da al'amarin sana'arsu, domin su ne suka fi saninsa. Malamai sun ɗauki darasi daga nan cewa ilimin noma da makamantansa ana samun sa ne ta hanyar lura da gwaji, kuma neman sa ba ya cin karo da addini.

Saboda haka amsar yaron nan ita ce: ƙwarai kuwa, itace yana da namiji, kuma da yawa daga abin da muke gani a jikin fure, tun daga launi har zuwa tsawon bututu, yana yi wa wannan namijin hidima ne domin garinsa ya isa. Wanda ya yi ɗaya daga cikin gwaje-gwajen nan, ya rubuto mana sakamakonsa ta hannun sakataren ƙungiya, za mu tattauna shi a fitowa ta gaba in Allah ya yarda.

Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, ya sa albarka a gonakin iyayenmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.